Kukan birkin baya: yadda motar Yayana ta zagaya gareji uku a Jos

Motar Toyota Corolla ce ta 2005, ƙirar Amurka, irin waɗanda ake shigo da su ta Kwatano, mai giya otomatik. Birkin gabanta na faifai ne, na bayan kuma na kwano, wanda makanikai ke kira diram. A riƙe wannan bambancin, domin rashin kula da shi ne ya fara cin kuɗinmu.

Mai motar Yayana ne, dillalin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada. Gidanmu yana Rikkos. Da safe motar takan kai yara makaranta, da rana tana hannunsa, sannan sau ɗaya ko biyu a wata takan gangara Hawan Kibo zuwa Abuja, but ɗinta danƙare da buhuna. Da yake ni ne ƙarami a gidan, kuma aikina bai ɗaure ni da safe ba, duk ranar da mota ta yi tari ni ake miƙa wa makulli.

Ƙarar ta fara ne a ƙarshen Satumba, damina na ja da baya. Matar Yaya ce ta fara ji. Ta ce masa, "Alhaji, motar nan fa tana tsuwa kamar an taka ɓera." Ya tambaye ta ko birki na kamawa, ta ce yana kamawa, ya ce to a bar ta. Haka aka yi mako uku. Abin da ya tashe shi ba tsoron haɗari ba ne, kunya ce. Ya je ɗaurin aure a Anguwar Rogo, yana taka birki a gaban rumfa motar ta saki wani ƙiiii mai tsini, liman da kansa sai da ya waiwayo. Da daddare ya kira ni ya ce, "Gobe ka kai ta a duba, na gaji."

Gareji na farko

Na kai ta wurin wani matashin bakanike kusa da gida. Bai shiga motar ba, bai ma tayar da ita ba. Ina cewa birki na ƙara ya ce fad ne ya cinye, wato abin da ke matse faifan gaba in an taka birki. In za a yi adalci, zatonsa ba na banza ba ne. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, saboda nauyi kan rinjaya gaba in an taka, don haka shi ke fara cinyewa. Kuma a jikin fad ɗin gaba akwai wani ɗan harshen ƙarfe da aka sa da gangan, wanda in fad ya kusa ƙarewa sai ya riƙa gogar faifai yana kuka, don ya sanar da mai mota. Yawancin motocin da ke zuwa masa da ƙarar birki wannan ne ciwonsu.

Tamu dai ba shi ba ne. Da ya ciro tsofaffin fad ɗin na ga da saura kusan rabi, na faɗa masa, ya ce ai sun yi tauri. Aka sa sababbi, na biya. Ban kai gida ba motar ta maimaita mini karatunta.

Ina da nawa laifin a nan. Ban ce masa daga ina ƙarar ke fitowa ba, don ni ma ban sani ba. Wanda ke zaune a kujerar direba, gilasai a rufe, rediyo na yi, da wuya ya bambance ƙarar gaba da ta baya, saboda jikin mota kan ɗauki sauti ya watsa shi ko'ina.

Gareji na biyu

Bayan kwana biyu na je Dilimi, inda ake sayar da kayan mota, na tsaya wurin wasu makanikai na bakin hanya. Wannan ya fi na farko, ya sa na tuƙa motar, shi kuma yana tsaye a gefe, nan take ya ce daga baya ne. Ya ɗaga motar da jak, ya cire tayoyin baya, ya yi ta dukan kwanon birkin da guduma har ya fita. Ya jawo tiyon iska ya hure ƙurar da ke ciki, baƙar ƙura ta turnuƙe mu duka. Ya goge fuskar layinin, wato abin da ke matse kwanon daga ciki in an taka birki, da samfefa, ya mayar da komai. Da ya ga birkin hannu yana hawa sama sosai kafin ya kama, sai ya buɗe wajen mariƙinsa a cikin mota ya ƙara ɗaure wayar, har ya zama in ka ja, ƙas biyu kawai za ka ji ya tsaya.

Wani yaronsa ya ba da shawarar a ɗan shafa baƙin mai a layinin, wai shi ne maganin ƙara na dindindin. Wallahi na kusa yarda. Wani direban tasi da ke zaune a benci yana jiran tasa motar ya dube ni ya ce, "Malam, garin neman gira za ka rasa ido. Mai da birki ai ba sa haɗa hanya." Allah ya saka masa da alheri, ko sunansa ban tambaya ba.

Kwana huɗu motar ta yi tsit, har Yaya ya yaba mini. Ranar ta biyar ƙarar ta dawo, ta kuma zo da baƙo: in an yi 'yar tafiya sai a ji ƙauri kamar ana ƙona roba, in ka kai hannu kusa da tayar baya sai ka ji huci. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Wurin Baba

Wani abokin sana'ar Yaya ne ya tura mu wurin wani dattijon bakanike a bayan Farin Gada, wanda kowa ke kira Baba. Garejin ba wani abin kallo ba ne, rumfar kwano ce da benci da yara uku. Abin da ya bambanta shi da na baya, ya fi minti goma bai taɓa sifana ba.

Ya ce, "Ɗana, zauna. Yaushe take kukan? Da safe kaɗai ko kullum?" Na ce kullum. "Tana gudu ko ta kusa tsayawa?" Na ce in ta kusa tsayawa ya fi. "In ka taka a hankali ko da ƙarfi?" Na ce a hankali, in na danna da ƙarfi wani lokaci ba ta yi. "Ta shiga ruwa da daminar nan?" Na tuna ranar da muka ratsa wani kwazazzabo a Agusta, ruwa har rabin taya. "Man birki yana raguwa?" Na ce Yaya ya ƙara sau ɗaya, ba mu ɗauke shi komai ba. Baba ya kaɗa kai.

Sai ya yi wani gwaji da ban taɓa ganin an yi ba. Ya sa aka kashe inji, mota na tsaye cik, ya sa yaronsa ya kashe rediyon garejin. Ya ce in shiga in taka birki a hankali in saki, in sake takawa. Shi kuma ya tsuguna a bayan motar, kunnensa kusa da taya. Na taka. Daga dama ta baya aka ji ƙiiƙ. Na saki, aka sake jin ƙiiƙ, gajere, kamar ƙofar da hinjinta ya bushe. Ya sa na ja birkin hannu, ƙarar ta maimaita.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Ka ji? Taya ba ta juyawa, amma ana kuka. To ba layinin ne ke gogar kwano ba, don kwanon a tsaye yake. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe a ciki." Bayan haka ya shiga muka zagaya, gilasai a sauke, muka bi kusa da wata doguwar katanga domin ta dawo mana da sautin. Da na zo tsayawa a hankali, dogon ƙiiii ɗin nan ya fito, amma daga hagu. Baba ya ce, "Kuka biyu ne, ba ɗaya ba. Kowanne da ciwonsa."

Abin da ke cikin kwanon

Wanda bai taɓa leƙa birkin kwano ba, ga yadda yake. Kwanon ƙarfe ne mai nauyi da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, kowanne an manna masa layinin a bayansa, su ne takalman birki. Suna jingine a kan wani faranti da ba ya juyawa. A sama akwai 'yar silinda mai roba a kowane baki. In ka taka birki, mai ya shigo cikinta ya tura takalman waje su matse kwanon daga ciki. In ka saki, sifirin ya jawo su su koma. Tsakaninsu kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar tauraro, aikinsa ya riƙa matso da takalman kusa da kwano yayin da layinin ke cinyewa.

Baba bai yarda motar ta tsaya a kan jak kaɗai ba, sai da ya sa mata ƙafafun ƙarfe, ya tokare tayoyin gaba da duwatsu. Kwanon ya ƙi fita, amma bai ɗauki guduma ba. A fuskar kwanon irin wannan motar akwai 'yan ramuka biyu masu zare. Ya samo kusoshi biyu daidai su, ya riƙa ɗaura su bi da bi, kwanon ya taso da kansa a hankali. Kafin nan ya sassauta wayar birkin hannun da aka ɗaure a Dilimi, ya zura sukudireba ta bayan farantin don ya mayar da tauraron baya.

Ƙurar ciki ma bai hure ta ba. Ya jiƙa ta da ruwan sabulu ta gangara cikin wani tsohon kwano da ya tara a ƙasa. Na ce, "Baba, ai iska ta fi sauri." Ya ce abokan sana'arsa da yawa da tari suka ƙare, shi bai shirya ba. Gaskiyarsa ce. An daɗe ana haɗa layinin birki da asbestos, kuma shaƙar ƙurarsa na kawo ciwon huhu mai tsanani har da na daji. Layinin da ka saya a kwalin da ba ka san asalinsa ba, ba ka da tabbacin abin da ke cikinsa. Na tuna yadda muka tsaya cikin baƙar ƙurar nan a Dilimi muna hira.

Ɓangaren dama ya buɗe a bushe ƙayau. Layinin da saura, kusan milimita 3, alhali iyakarsa milimita 1 ce. Da ya cire takalman sai ya nuna mini wurare shida a jikin farantin, uku ƙarƙashin kowane takalmi, 'yan tudu-tudu inda gefen takalmin ke zamewa duk lokacin da aka taka birki. Ya kamata a ce akwai ɗan giris a kansu. Babu ko ɗigo. Tsatsa ce ja a kewaye, tsakiyarsu kuma ya goge yana ƙyalli, har biyu sun fara yin kwari. Ya ɗauki takalmin ya goga a kai da hannu, sai ga ƙiiƙ ɗin nan da muka ji, sak. Ruwan Agusta ya wanke giris ɗin, mai wankin mota da tiyonsa mai ƙarfi ya ƙarasa abin da ya rage. Tauraron ma ya cije da tsatsa, ba ya juyawa, shi ya sa tazara ta yi yawa har birkin hannu ke hawa sama. Ma'ana, bakaniken Dilimi ya ga alamar daidai, amma ya yi maganinta a inda ba nan ciwon yake ba. Ɗaure waya ya hana takalman komawa mazauninsu, suka riƙa gogar kwano ko ba a taka birki ba. Ga tushen ƙauri da hucin.

Ɓangaren hagu kuwa labarinsa daban. Ƙurar ciki ba busasshiya ba ce, ta cakuɗe ta zama kamar kwalli da aka kwaɓa. Baba ya sa ɗan yatsa ya ɗaga robar da ke bakin silinda, man birki ya tsattsafo. Ba zuba yake ba yadda za a gani a ƙasa, yoyo ne kaɗan-kaɗan, amma ya isa ya jiƙa layinin. Layinin da ya sha mai ba ya kama kwano sumul, sai ya kama ya zame, ya kama ya zame, da saurin da ido ba ya gani, kwanon kuma ya ɗauki karkarwar kamar ƙararrawa. Wannan ne dogon kukan da ya kunyata Yaya. Zafin kwanakin baya ya ƙara gasa fuskar layinin ta yi santsi tana sheƙi kamar tangaran. Samfefar da aka goga ta cire saman ne kawai, shi ya sa aka samu shirun kwana huɗu, kafin man da ya riga ya nutse ciki ya sake tasowa.

A nan ne jikina ya yi sanyi. Kukan dama abin haushi ne kawai. Na hagu kuwa, robar silinda ce ke mutuwa a motar da ke gangara Hawan Kibo da lodi.

Aikin da aka yi

Na kira Yaya na sa wayar a kunnen Baba. Yaya ya so a wanke layinin hagun da fetur a mayar, a canza roba kawai. Baba ya ce, "Alhaji, layinin da ya sha mai ya sha ke nan. Kuma ba a canza ɓangare ɗaya, in ɗaya ya fi ɗaya kamawa motar za ta riƙa fizga gefe. Ko a yi duka, ko ka aiko a ɗauke ta." Yaya ya yi shiru, sannan ya ce a yi.

Muka koma Dilimi da yaron Baba, riƙe da tsofaffin kayan a leda domin a gwada. An nuna mana layinin kala uku. Mafi arahar, yaron ya karce shi da makulli, ya nuna mini ɓarɓashin ƙarfe manya-manya a jikinsa, ya ce irin wannan tun ranar farko yake fara kuka, kuma yana cin kwano. Muka ɗauki na tsakiya, tare da sabuwar silinda, da sababbin sifirin, da gwangwanin man birki mai hatimi.

Baba ya auna cikin kwanukan biyu. Sabo faɗinsa milimita 200 ne, iyakarsa 201, in ya wuce haka sai a jefar. Namu ba su kai iyaka ba, ba su kuma yi zurfin zane ba, don haka ba a kai su wurin masu sassaƙa ƙarfe ba. Ya dai kankare tudun tsatsar da ya taru a bakinsu, ya kashe sheƙin cikin da samfefa, ya wanke su tas. Tudu shidan nan na faranti ya goge su har suka daidaita, ya ɗiga wa kowanne giris mai jure zafi, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero. Na ce ya ƙara mana, tunda rashinsa ne ya jawo. Ya ce in ya yi yawa zafi zai narkar da shi ya gangaro kan layinin, mu koma gidan jiya. Tauraron ya kwance shi, ya wanke zarensa, ya shafa masa giris shi ma. Sai da ya gama ɓangare ɗaya ya kwance ɗayan, domin in wani sifirin ya rikice wa yara wurin mayarwa su leƙa su ga yadda yake.

Tsohon man birkin da ya fito baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Man birki nau'in DOT 3 motar take sha. Wannan man yana zuƙar danshi daga iska a hankali. Sabonsa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salsiyos kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. In ya tafasa a cikin bututu sai ya zama tururi, ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Don haka aka zubar da shi duka, aka fitar da iskar da ke cikin bututun birki, taya bayan taya. Yaro ɗaya na ciki yana takawa, Baba na ƙasa da ƙaramar sifana yana ta kira, "Taka. Taka. Riƙe! Saki." Har sai da man ya riƙa fitowa garau ba kumfa.

Daga ƙarshe ya daidaita tazarar ta wurin tauraro, yana juya kwanon da hannu har ya ji ɗan shafa kaɗan, sannan ya koma kan wayar birkin hannu ya bar ta a ƙas bakwai. Notocin taya ya ɗaure su a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, ya hana yaron hawa kan sifana da ƙafa. Ya ce ɗaurin ganganci yana iya murɗe kwano.

Muka fita hanyar Zariya inda ba cunkoso. Ya sa na riƙa kai motar gudu matsakaici ina rage shi a hankali ba tare da na tsaya cik ba, kusan sau goma, da ɗan tazara tsakani don ta huce, domin sabon layinin ya zauna daidai da kwano. Ba ƙiiƙ, ba ƙiiii. Da muka dawo ya kai bayan hannunsa kusa da tayoyin biyu, ɗuminsu ɗaya.

Da Yaya ya zo ɗaukar mota, Baba ya tambaye shi da wace giya yake gangara Hawan Kibo. Ya ce D mana, ƙafarsa na kan birki tun daga sama. Baba ya ce daga yau ya mayar da ita 2, in lodi ya yi yawa ma L, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taimako. Yaya ya ce yana tsoron ƙugin da injin ke yi. Baba ya ce ƙugin inji ba ya kashe kowa. Ya ƙara da cewa a daina bari mai wanki yana cusa tiyo ta bayan taya, kuma duk ranar da man birki ya ragu kada a ƙara a yi shiru, a nemi inda ya tafi.

Da muka yi lissafi, kuɗin da ya tafi a gareji biyun farko ya kusa kai na aikin Baba gaba ɗaya, har da kayan. Tsofaffin fad ɗin gaba masu rabin rai suna nan a but, Yaya ya ƙi yarda a jefar.

Yanzu wata uku ke nan. Motar ta je Abuja sau huɗu ta Riyom da Akwanga da Keffi ta dawo, man birki yana kan layinsa. Da sanyin Jos ya kankama a Disamba, wata safiya matar Yaya ta sake jin 'yar tsuwa a takun farko da za ta fita da yara, ta kira ni a tsorace. Na kira Baba. Ya ce raɓar dare ce ta bar 'yar tsatsa a cikin kwano, ta taka sau biyu ko uku ta saurara, in ta ɓace shi ke nan, in ta bi ta har makaranta a kawo masa motar. Kafin ta kai bakin titi ta ɓace.